Farar Kwalbar da Na Girgiza a Aziziya

Na sha wahala, kuma ba zan yi mata kwalliya ba. Shekara goma sha uku ina ɗaukar kwalayen kayan marmari a kasuwar Aziziya da ke kudancin Riyad, daga bayan mota zuwa rumfa, daga rumfa zuwa bayan wata motar. Lemo, tuffa, inabi, kankana, babu wanda bai hau gadon bayana ba. Mutanen gida in sun ji an ce kana Saudiyya sai su ɗauka kullum kana zaune a Harami kana shan zamzam. Tsakanina da Harami tafiyar yini ce a mota, abin da na fi sha kuwa gumina ne. A shekarar da nake ba da labarinta na haura hamsin, bayana ya fara gaya mini gaskiya. In na yi ruku'u sai na dafe gwiwa da ƙarfi kafin in miƙe. Likita ya duba hoton ƙashin, ya ce in bar ɗaukar kaya. Na ce masa to. Me zan ce? Bai tambaye ni abin da yara biyar za su ci a Kano ba, ni ma ban gaya masa ba.

Boko dai aji huɗu na yi. Kafin in zo ƙasar nan kunun aya nake sayarwa a tashar mota, shekara goma cur. Wanda ya san kunun aya ya san yana kwanciya, daɗin ya sauka ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. Ba ka miƙa wa mutum gora sai ka girgiza ta. Sau uku sama da ƙasa, ka kifa ta, ka bugi gindinta da tafin hannu, sannan ka miƙa ta taga. Haka nake yi tun safe har yamma, kullum, har abin ya bar kaina ya koma hannuna. Na bar sana'ar, hannun bai bari ba. Ko ruwan gora na ɗauka sai na ji ina kaɗa shi. Abokin zamana, wani Badamagare direban motar kaya, kullum sai ya ce, "Bakano ko zamzam aka ba shi sai ya girgiza, wai kada a cuce shi daɗin ya kwanta a ƙasa." Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ba na jin haushi, ramawa nake yi.

Akwai wani mutum da ke zuwa kasuwa sayayya, mu muna kiransa ɗan Makka. Bahaushe ne, kakansa ya zo hajji da ƙafa bai koma ba. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausar kuwa sai ya lallaɓa ta kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Shi ke sayo wa wani babban ɗakin biki da ke unguwar Ulaya kayan marmari, ni kuma nake ɗaukar masa. Wajen shekara huɗu muna tare. Ya saba in ya tsaya gaban rumfa ya dube ni ta gefen ido, in na ɗaga gira ya saya, in na kau da kai ya wuce. Mu 'yan dako mun fi masu kayan sanin kayan, don duk ƙwayar da ta faɗo daga kwali bakinmu take zuwa.

Wata Alhamis, ƙarshen zafi, na sauke masa kwali na ƙarshe na tsaya riƙe da ƙugu. Ya dube ni.

"Kawu, bayan ne?"

"Bayan ne."

"Kawu, kai kana so aiki cikin sanyi? Babu ɗauka kaya, babu rana."

"Akwai wanda ba ya so?"

Ya ce dattijon da ke zuba wa baƙi abin sha a sashen maza ya koma ƙasarsu, kuma shugaban wurin, wanda suke kira mudir, dattijo yake nema, don Larabawa sun fi son mai furfura ya tsaya a kansu. Ranar Asabar ƙarfe tara na safe zai gan ni. In na yi masa, za su mayar da iƙamata, wato takardar zamana, ƙarƙashin kamfaninsu. Kafilina kuwa, wato ubangidan da takardar take hannunsa, ya daɗe da cewa in na samu inda ya fi ba zai tare ni ba. Ina jin maganar nan zuciyata ta fara duka kamar ranar da aka ce bizata ta fito.

"Amma Kawu, ba gahawa zai gwada kai ba. Gahawa kowa ya iya. Wannan ne."

Ya buɗe motarsa ya fito da kwalba. Ban taɓa ganin irinta ba. Fara fat daga sama har ƙasa kamar an shafe ta da farar ƙasa, ba ka ganin abin da ke ciki. An naɗe wuyanta da takarda mai ruwan zinare, an ɗaure murfin da waya kamar mai laifi.

Na ja da baya. "Kai, wannan ba kwalbar giya ba ce?"

Ya yi dariya har da dafa mota. "Kawu! A Riyad? Da rana tsaka?" Ya ce gaskiya ne Turawa suna da wata giyar farin inabi mai zaƙi, mai kumfa, wadda ba a shanta sai a kan ƙanƙara, kuma ita aka kwaikwaya. Amma wannan ruwan inabi ne da gas, babu barasa ko ɗigo, a fili ake jera ta a manyan kantuna. Yanzu ita ake yayi a biki. Ya ce in tafi da ita gida in ɗanɗana, don in baƙo ya tambaye ni yaya take in san abin faɗa, in kuma koyi buɗewa. Guda ɗaya ce, ba zai iya samo mini wata ba. Ya nuna mini da hannu: ka warware waya, ka danne murfin da babban yatsa, ka riƙe murfin ka juya kwalbar, ba murfin ba. Ta yi sanyi sosai. Babban kofi, ƙanƙara manya guda uku.

"Kuma Kawu, kada ka girgiza."

"Na ji."

"Wallahi kada ka girgiza."

"Kai, ni ba yaro ba ne," in ji ni.

Na naɗe ta a rawanina na rungume ta har ɗaki. Na buɗe firiji na ture tumatir da sauran miyar jiya, na kwantar da ita. Ranar nan na buɗe firijin nan ya fi sau goma, ina leƙa ta kawai ina rufewa. Badamagare ya ce, "Bawana, amarya ka ajiye a ciki ne? Sanyin duk ya gudu." Na ce masa ya jira gobe, zai sha abin da tun da aka kafa Damagaram ba a taɓa sha ba.

Mu uku ne a ɗakin. Na ukun dattijo ne mutumin Maraɗi, mai gadin wani sito, ya girme mu duka, ya yi karatun allo mai zurfi, don haka Malam muke ce masa. Muka sa lokaci bayan sallar Juma'a, in mun ci abinci. Tun daren Alhamis na cika kwanon silba da ruwa na sa a gidan ƙanƙara.

Muka dawo daga masallaci rana tana dukan kai kamar da guduma. Muka ci shinkafa. Malam bai ko cire farar jallabiyarsa ta Juma'a ba, wadda yake gogewa da kansa yana bin kowane kari. Ya ce a miƙo masa kwalbar tukuna. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya bi ƙananan rubutun da yatsa yana motsa leɓe.

"Babu barasa," in ji shi. "An rubuta, ga hatimi. Halal ce."

"Alhamdu lillahi."

"Amma ni kamannin ne ba su yi mini ba. Mutum ya ga ka da wannan a hannu, me zai ce?"

"Allah gafarta Malam, to a zuba ban da kai?"

"Ban ce ba," in ji shi, ya gyara zama ya matso.

Na mayar da ita firiji, muka shiga neman kofi. Kofunan shayi gare mu, 'yan ƙanana, sai moɗa ɗaya ta roba. Ɗan Makka ya ce babban kofi na gilashi. Na duba na duba, sai ga tsohuwar kwalbar zuma mai faɗin baki da muke zuba gishiri. Na juye gishirin a takarda, na wanke ta sau uku, na goge ta da gefen rawani har tana ƙyalli.

Rigimar ta tashi ne a kan ƙanƙara. Badamagare ya kifar da kwanon, dunƙulen ya faɗo, ya naɗe shi a tsumma ya ɗauko taɓarya zai daka.

"Kai, kai! Me za ka yi?"

"Dakawa mana. Haka ake sa wa fura."

"An ce maka fura ce? Manya guda uku aka ce."

"Uku? Mu uku, ƙanƙara uku? Rowar Kanawa har a ruwan Allah!"

"Kai dai baƙauye ne. Kawo wuƙa a sara."

Ina wannan musu na buɗe firiji na ɗauko kwalbar. Ina tsaye, ina nuna masa inda zai sara da haɓa, ina gaya masa yadda za a yi da ni a Ulaya, farar riga, takalmi sau ciki, sanyi yana busa ni, manyan mutane suna cewa ya hajji zo nan. Daɗi ya cika ni, bakina yana ta zuba. Ban san me hannuna yake yi ba. Wallahi ban sani ba. Sai da na ji tafin hannuna ya bugi gindin kwalbar, tas, sannan na duba. Sau uku sama da ƙasa, na kifa ta, na buga. Cikakken aikin tasha.

Badamagare ya saki baki, wuƙa a hannu. "Bakano… ka girgiza."

"Ban girgiza ba."

"Na rantse ka girgiza. Har da bugun gindi."

Da mai hankali ne ni, da na mayar da ita firiji na ba ta awa guda ta huce. Yanzu na san haka. A lokacin gardama ce ta hau ni, ga ɗoki. Na ce ɗan motsi ne kawai, ba abin da zai yi. Na yage takardar zinaren, na fara warware wayar. Ban ko kai ga danne murfin ba.

Ƙarar kamar tayar mota ta fashe. Murfin ya tashi ya daki fanka, fanka ta maro shi ya faɗa cikin tukunyar shinkafa. Kumfa ta taso fara sol, ta yi tsiri kamar an fasa famfo, ni kuma a ruɗe maimakon in kau da bakin kwalbar sai na nuna ta gaba. Gaban kuwa Malam ne. Daga hula har gwiwa. Na toshe bakin da yatsa, abin ya ƙara tsananta, ya fesa ta gefe ya wanke bango da kalandar sallah. Kafin ta lafa tabarma ta jiƙe, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshi.

Badamagare ya faɗi ƙasa. Dariya yake yi ba sauti, yana dukan tabarma da hannu, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi sai ya ce, "Kunun aya! Kunun aya mai sanyi! A miƙo ta taga!"

Ni ban yi dariya ba. Na tsaya da kwalbar a hannu ina kallon hannun kamar na wani. Ba abin shan da ya zube ne ya dame ni ba. Abin da na gani shi ne babban ɗaki a Ulaya, mutane jere cikin fararen kaya, uban ango a tsakiya da alkyabba, ni kuma na zo da kwalba hannun nan ya yi halinsa. An gaya mini sau biyu, na ce ni ba yaro ba ne. In kunne ya ji hannu bai ji ba, ina amfanin? Na ji bayana ya soke ni, kamar yana tuna mini inda zan koma ranar Lahadi.

Malam ya cire tabarau a hankali, kumfa tana ɗiga daga gemunsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Sai na ga harshensa ya fito ya lashi gefen gashin baki. Ya sake lasa.

"Subhanallah," in ji shi. "Akwai saura?"

Akwai, amma bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Na fara zuba ɗan kaɗan a kofin shayi na kurɓa haka nan, ba ƙanƙara. Gaskiya ban ji daɗi ba. Zaƙi ne ya yi yawa, kamar an narkar da alewa, ga gas ya hau mini hanci har na yi atishawa. Na ce a raina, wannan ne ake ta yi wa ɗaurin waya? Zoɓon matata ya fi shi.

Badamagare ya share hawaye ya sara ƙanƙarar, manya uku kamar yadda aka ce, ya jefa a kwalbar zuma. Na karkata ta na zuba a hankali ta gefe. Launin abin kamar ruwan sabuwar ciyawa da ta fara bushewa, fari-fari da ɗan rawaya. Ƙanƙarar ta yi ƙara ta tsage. 'Yan ƙwayoyin iska suka riƙa tasowa daga ƙasa a layi, ba sa ƙarewa, in ka kai kunne sai ka ji kamar ana soya wani abu a gidan maƙwabta. Muka sa kai mu uku muna kallo kamar ba mu taɓa ganin ruwa ba. Malam ya ce a bari ɗan lokaci sanyin ya ratsa. Na ƙirga ashirin na kai baki.

Wani abu ne daban. Sanyin ya danne zaƙin ya zaunar da shi, gas ɗin ya daina faɗa ya koma tsikara a kan harshe. Sai ƙamshi ya biyo baya ta cikin hanci. Na riƙe shi a baki ban haɗiye ba, don na san ƙamshin nan. Na san shi kamar yadda na san muryar uwata. Na haɗiye na sake kurɓa, sai ga shi a fili.

Na miƙe tsaye zumbur. Daga baya Malam ya gaya mini ko gwiwa ban dafa ba.

"Na san shi! Wallahi na san shi!"

"Ɗan garinku ne?" in ji Badamagare.

"Ɗan ƙaramin inabin nan ne! Mai ruwan ɗorawa, mai ƙamshi kamar an fesa masa turare, wanda ke zuwa ƙarshen zafi. Wanda ba ya jure hanya, kwana biyu ya fara zubewa daga reshe. Masu rumfa ba sa sonsa, mu ne muke cinye na ƙasan kwali. Shi ne wannan, ba wani ba!" Na sake kurɓa. "Kuma akwai wani a bayansa. Tsaya. Hohu! Ɗan itacen nan mai gashi-gashi a fata, in ya nuna har ya fara laushi. A can ƙarshe kuma ɗan ɗaci kaɗan, kamar ka ciji ɓawon lemon tsami."

Na miƙa wa Badamagare. Ya kurɓa, ya tauna baki, ya dubi rufi kamar mai nazari. "Ni dai zaƙi na ji, da ƙaiƙayi a hanci. Amma a ƙaro."

Malam ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismilla, ya sha kaɗan ya lumshe ido. "Inabin na ji shi da ka faɗa. Sauran ban kai can ba." Ya dube ni. "Alhaji, ashe shekara goma sha uku karatu kake yi a kasuwar nan ba ka sani ba."

Maganar nan ta shige ni. Ni da nake ganin ba abin da na samu a Aziziya sai ciwon baya. Na zauna, muka riƙa zagayawa da kwalbar zuma, kowa kurɓi ɗaya, har ƙanƙarar ta narke abin ya koma ruwa-ruwa, shi ma muka shanye. Ina ta surutu, ina gaya musu inabi kala nawa ke shigowa kasuwa da watan da kowanne ke zuwa. Ban taɓa sanin na san su haka ba sai da na ji su suna fitowa daga bakina.

Da kofin ya ƙare sai damuwar ta dawo. Ɗanɗano na samu, amma buɗewa fa? Kwalba ɗaya ce, ga ta nan babu komai a ciki.

Malam ya tashi ya tuɓe jallabiyar ya jiƙa a bokiti, ya dawo daga shi sai singileti da zane. Ya sa hannu a tukunyar shinkafa ya tsamo murfin. Ya kumbura, ba zai koma ba. Ya ɗauko 'yar wuƙar da yake fiƙe alƙalami da ita, ya zauna yana sassaƙa gindin murfin siriri-siriri. Ya ce wa Badamagare, "Kai mai dariya, sauka kantin ƙasa ka sayo ruwan gas, manyan gorori." Badamagare ya tafi yana waƙar kunun aya a matakala.

Muka cika farar kwalbar da ruwan gas, muka tura murfin, muka ɗaure da wayar. Aka sa ta a firiji. Badamagare ya ɗora tawul a ka ya harɗe a kan katifa, wai shi ne uban ango. "Ya hajji! Yalla, kawo abin sha, baƙina suna jira!"

Na buɗe firiji na ɗauko. Kafin in yi taku biyu Malam ya ce, "Ka kaɗa." Ban ji ba, amma na kaɗa. Na mayar na sake. Na biyu na kai har gaban katifa, ina buɗe baki in yi sallama wuyan hannuna ya motsa da kansa. Na uku na danne hannun da ƙarfi har yana rawa, rawar ma girgiza ce. Uban ango ya sha wanka sau biyu, ya ce shi ya fasa aurar da ɗan.

Na zauna a ƙasa na ce, "Malam, ba zai yiwu ba. Hannun nan ya riga ya tsufa a haka."

Malam ya ce, "A kasuwa, wane kaya ne ya fi ba ka tsoro in ka ɗauka?"

"Ɓaure. Nunannen ɓaure. Ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ya fashe."

"Kana girgiza shi?"

"Wa ya isa? Mai shi zai ci mutuncinka a gaban jama'a."

"Da wane hannu kake ɗaukarsa?"

Na dubi hannuna.

"To ka daina ce masa kada ya yi," in ji Malam. "Hannu ba ya jin kada. Ka gaya masa ɓaure ne."

Na tashi. Na buɗe firiji na ce a raina, ɓaure. Sai na ga hannun hagu ya shiga ƙarƙashi da kansa, na dama ya tallafi wuya, gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari, ƙafafuna suka ɗauki tafiyar nan ta sanɗa da nake yi tsakanin mota da rumfa. Na isa gaban katifa ruwan bai ko motsa ba. Na warware waya, yatsa a kan murfi, na juya kwalbar. Murfin ya fito da ɗan huci kawai.

Badamagare ya cire tawul ya yi guɗa kamar mace. Na ce a sake. Muka yi ta yi har la'asar, muka yi sallah muka dawo muka ci gaba, sai da ruwan gas ya ƙare murfin ya ragargaje. Sau goma sha ɗaya a jere ban kaɗa ba. Kafin magariba jallabiyar Malam ta bushe a kan igiya, don zafin garin nan ba ya barin jiƙaƙƙen abu. Ya goge ta da kansa, ya rataye a ƙusar da ke saman katifata. Ya ce tawa ta yi ja a wuya, ba a zuwa neman aiki da ita.

Da safe bayan asuba na yi wanka na sa ta. Ta ɗan yi mini tsawo. Badamagare ya ɗauke ni a motar kayansa, na ce ya fara biyawa da ni kasuwa. Abokan aiki suka gan ni cikin fari suka hau tsiya, wai ko aure zan ƙara. Na wuce su na je can rumfar ƙarshe inda na san an sauke ɗan inabin nan shekaranjiya. Na ɗaga kwali uku kafin in samu reshen da ya yi mini, na sansana, na saya, na naɗe a takarda. Daga nan ya sauke ni a tashar jirgin cikin gari. Da zan fita ya leƙo ta taga ya ce, "Bawana, in ka ba mu kunya kada ka dawo ɗakin nan." Sannan a hankali ya ce, "Allah Ya ba da sa'a."

Ƙarfe tara saura kaɗan na isa Ulaya. Ɗan Makka yana bakin ƙofa, ya shigar da ni. Sanyin wurin ya ratsa ni har ƙashi. Mudir wani siririn Balarabe ne mara fara'a, yana zaune shi kaɗai a gaban tebur, ga farar kwalba a cikin bokitin ƙanƙara can gefe, ga babban kofi mai doguwar ƙafa. Ya nuna ta da haɓa. Na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi. Na ce ɓaure. Na ɗauko ta na taho, na warware, na juya. Ta yi ɗan huci kamar tsoho ya samu wurin zama. Ƙanƙara uku, na karkata kofin na zuba ta gefe, na ajiye a damansa.

Ya ce, "In baƙo ya tambaye ka yaya ɗanɗanonta, me za ka ce?"

Larabcina na kasuwa ne, na ɗauka da sauke da nawa ne. Ba zai ɗauki abin da ke bakina ba. Na zaro takardar daga aljihu na warware, na ajiye reshen inabin kusa da kofin. Na ce, "Wannan ne. Da hohu kaɗan a baya."

Ya dube ni, ya dubi inabin. Ya tsinki ƙwaya ɗaya ya ci, ya kurɓi kofin. Ya tsaya. Ya sake tsinka, ya sake kurɓa. Ya juya ga ɗan Makka ya yi magana da sauri, ban kama ko rabi ba, na dai ga ɗan Makka yana murmushi har kunne. Sannan mudir ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi iƙamata a ɗauki hotonta.

Da na fito rana ta riga ta yi zafi. Na tsallaka titi na shiga wani ɗan kanti, na buɗe firiji na ɗauko gorar nono mai sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa cikin jallabiyar Malam, ga dogayen benaye ga motoci suna wucewa, na girgiza ta sau uku sama da ƙasa, na kifa ta, na bugi gindinta da tafin hannu har mai kantin ya ɗago kai. Sannan na buɗe na sha.